Jinsan ɗin Kawu Estil

"Babu komai a can sai ƙaya da kaska!" in ji Verna, tun ba ta gama hawa matakalar baranda ba. "Ko ganye ɗaya ban gani ba, Kawu. Ko ɗaya!"

Kawu Estil yana zaune a kujerarsa mai lilo, bargo a gwiwa, siririyar robar iska a hanci. Ya ƙare mata kallo daga sama har ƙasa. Wando ya yage, takalmi ya sha laka har wuya, ga busasshen ganye maƙale a gashinta. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Dariyar ba ta sami hanyar fita ba, ta rikiɗe ta zama tari, irin tarin nan na waɗanda suka ƙarar da ƙuruciyarsu a ramin kwal. Ya yi ta yi har hawaye suka zubo, amma bakin nan bai daina murmushi ba.

"Kin bi ta gefen dutsen da na ce?"

"Na bi."

"Kin ga rafin?"

"Na gan shi, har na faɗa ciki."

"To ai kin yi wanka ke nan, ba ki yi asara duka ba."

'Yarsa Glenda ta leƙo daga kicin da tsumma a hannu. Tun da ciwon ya kwantar da shi ta baro gidanta ta dawo jinya. Ta dubi Verna ta girgiza kai.

"Ba na faɗa miki ba? Mijina ma haka ya yi masa shekarar da aka ɗaura mana aure. Ya tura shi bayan dutse, bawan Allah ya dawo da ƙafa a kumbure. Baba, kai ko kunyar Allah ba ka ji? Ƙafarka ɗaya a kabari kana wahalar da 'yar mutane."

"Ɗayar ai tana waje," in ji tsohon.

Wannan ne karo na uku da ya yi mata haka, kuma Verna Stidham ba yarinya ba ce da za a ce wasa ake yi da ita. Ta haura arba'in, ta aurar da 'ya, ita ke dafa wa yaran firamaren garin abincin rana. Da gida ya yi mata faɗi ne ta shiga ajin yamma a kwalejin cikin gari, tana koyon yadda mutane ke zama da tsirrai: wanne suke ci, wanne suke sha, wanne suke tsoro, wanne suke ɓoyewa. Malamarsu ta ce kowa ya nemi dattijo ɗaya da tsiro ɗaya ya bi diddiginsu. Verna ba ta yi dogon tunani ba. Tun tana ƙarama take ganin maƙwabcinsu Estil Napier yana saukowa daga dutse da kaka, jaka a kafaɗa, ya shanya saiwar jinsan, tsiron dajin nan mai tsada da ake magani da shi, a kan tsohuwar jarida. Ta ɗauka aikin mako biyu ne.

Ta manta da halin mutanenta, ko kuwa ta ɗauka ita ba zai shafe ta ba. A wannan kwari mutum zai ara maka akori-kurarsa, ya yanka maka kazarsa ta ƙarshe, ya haƙa wa mahaifinka kabari cikin ruwan sama. Amma ka tambaye shi inda jinsan ɗinsa yake, sai ya nuna maka gabas alhali abin yana yamma, ranar Lahadi kuma ya shiga coci zuciyarsa fes. Ba a lissafa wannan cikin ƙarya. Ko fasto, in yana da nasa wurin, haka zai yi maka.

Da maki kawai take nema da tuni ta haƙura, ta rubuta abin da ya samu. Abin da ya hana ta barci shi ne Dewey, ɗan Estil da ke zaune a birni. Dewey ya riga ya gama magana da masu yankan katako: ranar da tsohon ya rufe ido, dutsen nasu ne. Jinsan kuwa ɗan inuwa ne. In aka sare manyan itatuwan, rana ta faɗa masa, ba zai ga wata kaka ba. Wurin da Estil yake ɓoyo ba na jiya ba ne, kakansa ya fara zuba iri a can, kowa ya haƙi saiwa sai ya binne jajayen 'ya'yan a ramin. Verna tana da inuwa a bayan gidanta inda za ta dasa shi, Glenda kuma ta ce ta kwashe ko nawa ne. Abu ɗaya ya rage, a san inda yake kafin raɓar ƙanƙara ta farko ta sauka, don da ta sauka ganyen zai kwanta, sai kuma bazara.

Verna ta zauna a kan matakala tana cire ƙaya daga safa.

"Kawu, ni fa ba sayarwa zan yi ba. Ka sani."

"Duk haka suke cewa."

"Su wa? Ni ce fa, Verna. A hannunka na koyi tuƙa keke."

"Shi ya sa. Na san ki. Bakinki ba ya rufuwa. Ki je ki faɗa wa malamar nan taku, ita ta rubuta a littafi, littafi ya shiga waya, kafin sati 'yan ƙwaya sun hau da fartanya sun tone har jariran tsiron."

"Ba za a rubuta wurin ba! Sau nawa zan faɗa? Dokar ajin ce ma, ba a rubuta wuri."

"Dokar aji," in ji shi, yana jan kalmar kamar yana ɗanɗana tuwon da ya kwana. "Ubana ma bai faɗa mini ba. Bin sa na yi a ɓoye kamar kare, ya gane, ya zaga da ni dutse uku. Sai da na yi gemu na gano."

"To ni ba ni da gemu, kai kuma ba ka da ƙafar da zan bi!"

Maganar ta fita kafin ta tare ta. Glenda ta koma kicin a hankali. Tsohon ya dubi ƙafafunsa a ƙarƙashin bargo, injin iskarsa yana ta huci a bayan kujera. Verna ta ji kunya, amma haushi ya fi kunyar yawa. Ta ɗauki takalmanta a hannu ta tsallaka titi zuwa gida ba ko sallama.

Ta yi kwanaki ba ta leƙa ba. Tana wucewa da safe ta ga kujerar lilo babu kowa, ta kau da kai. A wurin aiki ma an fara yi mata kallon banza, don duk hawan dutsen nan hutu take roƙa, abokiyar aikinta ce ke fama da tukwane ita kaɗai. A aji kuwa kowa ya kawo abinsa. Wani ya zo da kakarsa da ganyen shayinta, wata ta zo da hoton kwandunan da ake saƙawa da ɓawon itace. Da aka zo kanta, abin da take da shi a waya muryar tsoho ce yana ba da labarin yadda beyar ta kore shi a shekarar da aka yi ambaliya, labarin da ta tabbata shi ma ƙarya ne.

Ranar wata Asabar da hantsi Glenda ta ƙwanƙwasa mata ƙofa.

"Yana kiran ki."

"Me kuma zan yi masa?"

"Ke dai zo. Ya daina tashi."

An dawo da gadonsa falo, kusa da taga, inda zai riƙa ganin dutsen. Ɗakin yana warin magani da kofi. A 'yan kwanakin nan ya zube ƙwarai, hannunsa a kan bargo duk jijiya. Ya yafito ta da yatsa, ya ce Glenda ta fita. Glenda ta yi tsaki ta fita.

"Matso, 'yar nan. Kashe wayar."

"A kashe take."

"Kin san tsohon ramin kwal da aka toshe, can saman maƙabartarmu, ta ɗaya gefen kwarin?"

"Na sani."

"Ki wuce shi. Ki yi ta hawa har ki ga inda dutse ya tsage biyu. Kada ki zaga. Ki shiga ta tsagar, da gefe za ki bi, ki riƙe numfashi. In kin fita, ki dubi ƙasa ta hannun hagu." Ya tsaya ya nemi iska. "Ki taka a hankali."

Verna ta tsaya tana kallon sa. Ta san wurin. Rabin yini ne hawa da sauka, kan duwatsu masu santsi, kuma duk yaron da ya tashi a kwarin ya san bayan tsagar nan rami ne kawai da macizai. Haka ya yi mata a karo na farko, da wannan muryar ta sirri. Haka ya yi a na biyu, har da kama hannunta. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

"Sannu, Kawu," ta ce. "Wannan karon a cikin rami kake so a tsinto ni?"

"Ki tafi yau."

"Yau wanki nake yi."

"Verna."

"A'a, ka ji ni. Na yage wando, na faɗa rafi, kaska ta cije ni a inda ba zan iya faɗa ba. Ana yi mini dariya a wurin aiki, ana yi mini a aji. Ni ba abin wasanka ba ce. In kana jin kaɗaici ka faɗa, in zo in zauna mu yi hira, amma dutse kam na gama hawa. Ka tafi da abinka, Dewey ya aske wurin, kowa ya huta."

Ta jira dariyar, don ta san yanzu kafaɗun za su fara rawa. Bai yi ba. Ya juya kai wajen taga. Ta ɗauka sabon salo ne ya ƙirƙiro, ta gyara masa bargo da ɗan ƙarfi fiye da yadda ya kamata, ta fita.

A baranda Glenda ta tambaye ta da ido.

"Tsagar dutse wai, bayan tsohon rami."

"Kai, Baba!" Glenda ta yi dariyar gajiya. "Hali zanen dutse. Rabu da shi."

Bayan wannan Verna ta ci gaba da shiga, don fushi daban, maƙwabtaka daban. Takan kai romon kaza, ta taya Glenda juya shi, ta wanke kwanuka. Ba ta sake tayar da maganar ba, shi ma bai tayar ba. Yawancin lokaci ma barci yake yi, baki buɗe. Ta taga ana ganin dutsen yana sauya launi, ja da rawaya suna gangarowa daga sama kullum.

Ranar Laraba da yamma, ta dawo daga aiki ke nan tana fito da kaya daga mota, ta ga Glenda tsaye a baranda, hannuwa a naɗe a ƙirji. Sai a lokacin ta lura babu hucin injin nan da aka saba ji har titi.

"Ya tafi," in ji Glenda. "Ina ba shi ruwa a cokali. Ya haɗiye na farko."

Verna ta ajiye ledar hannunta a ƙasa ta tsallaka. Suka rungume juna a kan matakala suka yi kuka, kukan gaske, don duk jarabarsa mutum ne da ba a taɓa kwana da yunwa a kusa da shi ba.

Kafin gari ya waye gidan ya cika. Maza suka hau maƙabartar dangi da shebur, mata suka cika teburin kicin da wake, burodin masara da soyayyar kaza. Dewey ya iso daga birni da baƙar kwat da ta yi masa kaɗan. Ya yi kuka shi ma, ba za a ɗauki alhakinsa ba. Amma ana gobe jana'iza Verna ta ji shi a bayan gida yana waya, yana cewa Litinin ta yi, su shigo da injinansu, hanya a buɗe take.

Da yammar ranar suna wanke-wanke ita da Glenda, baƙi sun ragu. Glenda tana goge faranti ɗaya tun ɗazu.

"Kin san wani abu? Kullum sai ya tambaye ni ko kin tafi."

"Ina?"

"Tsagar dutsen nan mana. Da ya buɗe ido, 'Verna ta tafi?' In ce ba ta tafi ba, Baba, ta gane ka. Sai ya juya kai wajen taga. Ranar Talata ma cewa ya yi in leƙa in gani ko akwai laka a takalminki."

Hannun Verna ya tsaya a cikin ruwan kumfa.

"Sauran lokutan ya tambaya?"

"Ina fa! Waɗancan ai zama yake yi a baranda tun safe yana jiran ki dawo ya sha dariya. Har cewa yake in dafa masa kofi, yau akwai kallo." Glenda ta ajiye farantin, ta dube ta. "Ke, kada ki sa wannan a ranki. Ƙila ma ruɗewa ce."

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"Ni na sani? Mutumin da ya yi shekara tamanin yana ƙarya a kan abu ɗaya, ta ina zan gane ranar da ya daina?"

Verna ta koma gida a fusace. Haushin Glenda take ji, da na Dewey, da na kanta, amma na mamacin ya fi. Wane irin mutum ne wannan, da zai ɓata gaskiyarsa da hannunsa har ranar da ya fito da ita babu mai karɓa? Ta yanke shawara: gobe a binne shi, jibi tun da sassafe ta hau.

Da safe ta fito cikin baƙar rigarta ta coci, da kwanon dankali a hannu za ta kai gidan makoki. Ciyawar ƙofar gida ta yi ƙaras a ƙarƙashin takalminta. Ta dubi ƙasa. Raɓar ƙanƙara ce ta sauka, fari fat, har gilashin mota, har rufin gidan Estil.

Ta tsaya da kwano a hannu. Ba sai an faɗa mata ba, a nan aka haife ta. Da rana ta taɓa itatuwa, ganye zai fara zuba kamar ana zazzage buhu, kafin la'asar ya rufe duk abin da sanyi ya kwantar. Jibi babu abin da za ta gani, ko da tana tsaye a kansa. Jana'iza kuwa da hantsi ce, kuma a kwarin nan wanda bai raka maƙwabcinsa kabari ba, har jikokinsa sai an goranta musu.

Ta tsallaka titi. Glenda tana kicin tana fama da ɗan kunne a gaban madubin bango. Verna ta ajiye kwanon.

"Kin ga waje?"

"Na gani."

"Glenda..."

"Me zan ce wa mutane? Kujerarki tana layin gaba, kusa da tawa. Matar fasto za ta tambaya, kowa zai tambaya."

"Ki ce musu ya sake aike na."

Glenda ta ajiye ɗan kunnen. Ta sunkuya bayan ƙofa ta jawo takalman aikinta na roba, ta tura mata da ƙafa.

"In ƙarya ce, kada ki dawo ki faɗa mini. Ba zan iya ji ba yau."

Hawan ya fi yadda take tsammani wuya. Rigar coci ba ta hawan dutse ba ce, ta tattare ta ta ɗaure a ƙugu, ƙaya tana yi mata zane a ƙauri. Ta wuce ramin da aka toshe, ta ga jan fentin masu yankan katako a jikin manyan itatuwa, sabo, har ya ɗan zubo. Duk hanya faɗa take yi da shi a fili, tana haki.

"Tsohon banza. In na je na tarar da rami, wallahi har kabarin zan biyo ka. Ka ji ni? Mutum ya mutu bai bar mutane sun huta ba."

Rana ta riga ta hau lokacin da ta kai tsagar. Ganye ya fara sauka ɗaya-ɗaya. Ta juya da gefe, ta riƙe numfashi, dutse mai sanyi yana gurzar bayanta da ƙirjinta, maɓallin riga ɗaya ya tsinke. Ta fita ta ɗaya gefen, ta dubi ƙasa ta hannun hagu.

Da farko ba ta ga komai ba, sai gangare mai inuwa da ruɓaɓɓen ganye. Har ta buɗe baki za ta zage shi. Sai ta ga wani siririn kara a gaban takalminta, ya sunkuya, ganyensa biyar-biyar sun yi laushi sun rataye, rawayarsu ta fara komawa baƙi. Kusa da shi wani. Ta ɗaga ido a hankali. Gangaren duka, har inda inuwar ta ƙare, jinsan ne, wasu sun kai mata gwiwa, irin waɗanda ba ta taɓa gani ba sai a hoto.

"Kai, Kawu," ta ce. "Kai, Kawu Estil."

Ba ta da fartanya, ba ta da jaka, kuma ko tana da su wannan ba aikin yini ɗaya ba ne. Iska ta kaɗa, ganye ya zubo da yawa, ya rufe tsiro biyu tana kallo. Ta durƙusa ta jawo busasshen reshe, ta karya shi guntu-guntu, ta soka ɗaya a gindin karan farko don alama, ta matsa da gwiwa zuwa na gaba.

Daga can ƙasa, wajen maƙabarta, waƙar jana'iza ta taso. Muryoyin mata ne suka fi isowa, iska tana kawo su tana ɗaukewa. Verna ta ɗan tsaya da tsinke a hannu, ta goge hanci da bayan hannu. Sannan ta share ganyen da ya sauka a kan na gaba, ta soka tsinken a ƙasa mai sanyi, ta miƙa hannu ta jawo wani reshen.